Kwana a Kwazazzabo

Kwalta ta sallame mu bayan Gada,
daidai inda wata tsohuwa ke kasa ƙwan zabi.
Arzika ya sauka, ya zagaya motar,
ya durƙusa gaban kowace taya
kamar mai gaida surukai,
ya rage mata iska.
"Rairayi bai son mai kumburi," in ji shi.

Munka gangara.
Jan bango a dama, jan bango a hagu,
sama ta koma ɗan ƙyalle shuɗi
da aka shanya bisa kanmu.
Ƙayar aduwa tana zanen ƙofa,
jarka tana dukan jarka a baya,
Maccido ya rungume akwatin allurar shanu
sai ka ce jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

Tun azahar wayata ta daina sanin kowa.

La'asar sakaliya motar ta cije.
Ta yi gurnani, ta yi tari,
ta haƙa wa kanta rami har iya cibiya.
Shebur ɗaya, mu uku.
Na sa hannuna, na sa takalmina,
na sa tabarmar sallah ƙarƙashin taya,
Allah ya gafarta mani,
ta tauna ta, ta tofar.

Sai munka ce nan za a kwana.
Ƙasa lallausa, iska ba ta isowa,
me ya fi wannan?
Munka kafa duwatsu uku, buta ta hau,
kilishi ya fito daga takardarsa
yana ƙamshin kasuwar da munka baro.

Shayi na biyu bai gama kumfa ba
wani dogo ya leƙo daga bakin gaɓa,
raƙuma biyu a bayansa.
Bai tambayi sunanmu ba.
Ya ɗaga sanda ya nuna arewa,
can nesa, inda walƙiya ke ƙifta ido
ba tare da ta ce uffan ba.
"Kun shimfiɗa a gadon wani," ya ce,
"kuma mai gadon yana hanya."

Maccido ya duba sama: taurari fal.
Ya buɗe baki zai yi dariya,
Arzika ya riga ya ɗauko igiya.

Raƙumi da inji, ban taɓa ganin su a aiki ɗaya ba.
Ɗaya yana kuka, ɗaya yana hayaƙi,
mu muna turi, haƙoranmu cike da yashi,
har ta zame, ta yi tsalle,
ta bi wata 'yar hanyar awaki ta haye tudu
da fitila guda.

Tsakar dare na ji shi.
Da fari kamar garke mai nisa,
sannan kamar tirela a kan gada.
Na haska tocila:
ruwa ne, ja wur, ɗauke da itace da kumfa,
yana wucewa ta inda na so in sa kaina.
Ko ɗigo bai taɓa fuskata ba.

Ba wanda ya yi magana.
Arzika dai ya ce, "Butata."

Da asuba mai raƙuma ya tafi,
ya bar mana sawu da toka mai ɗumi.
Na sauka in wanke ido a sauran ruwan,
sai ga wani abu a jikin bangon da ya zaftare:
ƙwaryar dodon koɗi, ta zama dutse,
da zanenta, da murɗinta, ba abin da ya goge.

Ashe ruwa ya daɗe da sanin wurin nan.
Mu ne baƙi.

Tana kan teburina yanzu, a Runjin Sambo,
tana danne takardun da fanka ke son kwashewa.
Arzika kuwa har yau, in mun haɗu,
kafin gaisuwa sai ya ce
ina binsa labari, yana bina buta.